Yoyon baƙin mai a inji: yadda za ka bi sawunsa har mafitarsa, ka toshe

Idan ka janye mota da safe ka tarar da baƙin tabo a inda ta kwana, ka sani cewa wurin da man ya ɗiga ba lalle ne ya zama wurin da ya fito ba. Baƙin mai yakan tsattsafo daga can sama, ya bi jikin inji yana gangarowa, iskar tafiya ta kora shi baya, sai ya taru a kan notin da ya fi kowanne yin ƙasa, daga nan ya faɗo. Kamar rufin kwano ne da damina: ruwa na ɗiga a tsakiyar ɗaki, hudar kuwa tana can sama gindin wata ƙusa. Rashin lura da haka ne ke sa a sauke wa mutum giyabos a canza sil ɗin baya, wato zoben robar da ke tare mai tsakanin inji da giyabos, ya biya kuɗin aiki mai tsoka, bayan kwana biyu tabon ya dawo, alhali wata 'yar roba ce a saman inji ta bushe.

Zan riƙa kawo misali da Corolla ta 2003 zuwa 2008, mai inji 1.8 da Toyota ke kira 1ZZ-FE, don ta cika tituna kuma hannu yana kaiwa kusan ko'ina a injinta. Hanyar binciken dai ɗaya ce a sauran motoci.

Fara tabbatar da cewa baƙin mai ne

Nemi kwali mai faɗi ka shimfiɗa a ƙarƙashin gaban motar da daddare, lokacin da ka dawo inji da sauran zafinsa. Yi alama a jikin kwalin daidai inda tayoyin gaba suke, don ka gane ta wane ɓangare ɗigon ya sauko. Da safe ka dangwala da yatsa ka shafa a farar takarda.

Baƙin mai sabo launin zuma gare shi, wanda ya yi aiki kuma ruwan ƙasa ne mai duhu ko baƙi ƙirin, da santsi da ɗan ƙauri. Man giyar otomatik ja ne, ya fi shi tsinkewa, in ya tsufa ya koma ja mai duhu, kuma motoci da dama irinsa suke sha a fawa-sitiyari. Man giyar hannu yana da wari mai hawa kai irin na farar wuta. Ruwan lagireto kore ne ko ruwan hoda. Ruwa fari tas da ke ɗiga ta ɓangaren fasinja bayan an kunna na'urar sanyi ba ciwo ba ne. Wanda za ka ji tsoro shi ne ruwa mai ɗan rawaya da santsi kusa da taya ko ƙarƙashin mazaunin direba: man birki ke nan, kuma motar ba ta hau titi ba sai an gyara.

Geji ne zai gaya maka ko abin na gaggawa ne

Ajiye motar a wuri mai daidai, ba gangare ba. Kashe ta, ka ba ta minti biyar zuwa goma man ya koma ƙasa, ka zaro geji, wato sandar auna mai, ka goge, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarowa. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama kimanin lita ɗaya ne, a wasu motocin ya kai ɗaya da rabi. Rubuta inda man yake da kilomitar da ke kan dashbod, ka sake dubawa bayan 'yan kwanaki a wuri ɗaya.

Yoyo hawa-hawa ne. Akwai naso, inda gefen gasket, wato abin da ake sawa tsakanin ƙarfe biyu don tare mai, ke yin danshi ƙura ta manne amma ba abin da ke kaiwa ƙasa. Tsohuwar mota da wuya a rasa wannan a jikinta, kuma ni ba na ganin dalilin kwance inji saboda shi. Akwai ɗigo, wanda ke barin tabo kowace safiya; wannan a sa masa rana cikin satin. Sai tsiyaya, wadda ke zuba ana gani da zarar an tayar da inji. Ita ba a tafiya da ita ko zuwa bakin layi, domin ta hanyar da famfo ke tura mai da ƙarfi take fita, tana iya zubar da lita huɗu kafin ka kai gareji. Haka nan duk yoyon da ke sauka a kan salansa ya zama na gaggawa ko da kaɗan ne, don zafin manifol, wato bututun da ke kwashe hayaƙi daga inji zuwa salansa, ya wuce wanda mai ke kama wuta da shi.

Idan jar fitilar nan mai hoton butar mai ta kama kana cikin tafiya, gangara gefe ka kashe nan take. Ba cewa take yi mai ya ragu ba, cewa take yi ƙarfin tura man ya faɗi, kuma tafiyar 'yan mintoci a haka ta isa inji ya buga.

Wani lokacin geji na sauka amma kwali fes, ƙarƙashin mota a bushe. To ba yoyo ba ne, injin ne ke ƙone man. Sa wani ya taka totur kai kana baya, ka duba ko hayaƙin na da shuɗi-shuɗi. Camry mai inji 2.4 ta 2007 zuwa 2009 ta yi suna wajen shan mai ta zoben fistan, kuma babu gasket ɗin da zai magance wannan. Idan kuma ka buɗe murfin lagireto, inji a sanyaye, ka ga wani abu kamar madara da shayi, man na shiga ruwa ne ta gasket ɗin kan silinda ko ta na'urar sanyaya mai. Wannan ma wani aikin ne daban.

Wanka kafin bincike

Nan ne mafi yawan mutane ke tsallakewa, nan ne kuma aikin yake. Injin da ya yi watanni yana naso a cikin ƙurar hunturu yakan yi baƙin ɓawo tun daga sama har ƙasa, ko'ina jiƙe, ko'ina abin zargi. Duk wanda ya leƙa irin wannan injin ya yanke hukunci nan take, canka ya yi. Idan bakanike ya ce maka, "Alhaji, sil ɗin baya ne, sai an sauke giya," ba sai ka yi musu ba. Ce masa, "To Malam, a wanke mu gani tukuna." Nagari ba zai ji haushi ba.

Bari inji ya huce ya rage ɗumi kawai. Ɗaure leda a kan altaneta, akwatin fiyus, bakin shigar iska da kan koyil-koyil. Kankare ɓawon da katako ko tsohon buroshi, ka shafa sabulun wanke inji, in babu ka yi da kananzir a buroshi, sannan ka bi da ruwan sabulu ka ɗauraye a hankali. Kada ka yi da fetur. Tururinsa na kwanciya a ƙasa, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Kada kuma ka bari a gidan wankin mota a dasa bakin injin feshi mai ƙarfi a kan wayoyi da sensa, don ruwan na kutsawa cikin soket, ka fito da yoyo ɗaya ka koma gida da fitilu uku a dashbod. Cire robar da ke rufe ƙarƙashin inji, idan motar na da ita, a wanke ta daban; takan tara mai ta riƙa sakinsa a wani gefen da ba ruwansa.

Idan za a shiga ƙarƙashi, a hau rami ko a tokare motar da ƙafafun ƙarfe, a ja birkin hannu, a sa wa tayoyin baya waigi. Jak kaɗai ba abin dogaro ba ne, bulon siminti kuwa ba ya gargaɗi kafin ya ruguje.

Bayan ya bushe sarai, tayar da inji ka bar shi yana aiki minti goma zuwa sha biyar, kana haskawa da tocila. Naɗe hannun riga, babbar riga kuma a ajiye ta gefe, domin fambel na juyawa, fankar lagireto ma kan tashi da kanta ba sallama. Ɗan ƙaramin madubi ko kyamarar waya za su nuna maka bayan inji inda ido ba ya kaiwa. Idan mai ya bayyana tun a tsaye, fara duba wuraren da ke da ƙarfin famfo: filta, suwic ɗin mai ko bututu, sannan sil. Idan bai bayyana ba, yi tafiyar kilomita goma zuwa ashirin ka dawo ka sake dubawa. Kada ka yi doguwar tafiya, iska za ta sake watsa man ta ɓata sawun.

Ƙa'idar ɗaya ce: ka samo wurin da ya jiƙe, ka bi shi sama da kuma gaba, har ka kai inda daga nan zuwa sama a bushe yake. Wannan gaɓar ita ce mafita.

Idan yoyon siriri ne, barbaɗa farar hoda ta jarirai a kan wuraren da kake zargi. Man zai ja baƙin layi a cikin farin, ka bi layin har tushensa. Akwai kuma wani rini da ake zubawa cikin baƙin mai, kimanin mililita 30 ga inji guda, a yi tafiya kaɗan, a haska da tocila mai shuɗin haske a cikin duhu, sawun ya fito kore shar. Ya fi hoda kyau a matsattsen inji irin V6, amma hoda ta wadatar a mafi yawan lokuta.

Waɗanda ake zargi, daga sama zuwa ƙasa

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Murfin zuba mai yana da zoben roba da kan bushe, wani lokacin ma an manta ba a ɗaure shi ba bayan juyen mai. Idan yoyon ya fara ne washegarin juye, kusan kullum laifin na wurare uku ne: man da aka zubar a jikin inji wajen ɗurawa, filta, ko notin juye.

Gasket ɗin murfin saman inji shi ne sarkin masu laifi. Roba ce, zafi na gasa ta shekara da shekaru har ta ƙandare ta daina kamawa. A Corolla manifol ɗin salansa yana bayan inji ne, saboda haka idan gefen baya ya saki, za ka riƙa jin ƙauri a cikin mota musamman a go-sulo, wani lokacin har da siririn hayaƙi daga ƙarƙashin bonet. Zaro koyil ɗaya-ɗaya ka duba: idan robarsa ta jiƙe da mai, ramin filogi ya cika, kuma shi ke kawo rawar inji da kashe koyil.

A wannan injin akwai wani wuri da ya yaudari mutane da yawa. Ta ɓangaren fasinja, a bayan inji, akwai tenshinar sarƙar taimin, 'yar ƙaramar aba mai tokare sarƙar don kada ta yi sako-sako, da noti biyu masu lamba 10 ke riƙe da ita. Zoben roba ɗaya ne ke tare mai a jikinta. In ya bushe, man na gangarowa ta bayan inji ya jiƙa fuli da gefen kwanon ƙasa, sai a rantse sil ɗin gaba ne ko kwanon. Kai hannu ka shafa ƙarƙashinta kafin ka yarda da wani bayani.

Kowace mota da irin nata. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 mai silinda huɗu takan yi yoyo ta gasket ɗin solenoyid na VTEC, wanda ke zaune sama da filta, man ya sauko a kan filtar a yi ta canza filta a banza. Tsohuwar Camry mai inji 2.2 ta famfon mai take saki, a bayan murfin bel ɗin taimin. Camry V6 ta wajajen 2007 zuwa 2009, da Avalon da Lexus ES350 na lokacin, sun fito da wani bututun mai da ke da guntun roba a tsakiya, wanda kan fashe ya zubar da man gaba ɗaya. Daga baya Toyota ta fitar da na ƙarfe zalla. Mai irin waɗannan motoci ya sa a duba masa wanne ne a jikin tasa, ko da ba ta ɗiga.

Suwic ɗin mai, wanda ke kunna jar fitilar nan, yana kusa da filta a gaban injin Corolla. Yakan yi yoyo ta cikin jikinsa, ba ta haƙoran ɗauri kawai ba. Zare soket ɗinsa. In ka ga mai a ciki, ya mutu.

Sil ɗin gaba yana bayan babban fuli na kiranshaf, wato ƙarfen da fistan ke juyawa a ƙasan inji. Alamar sa ita ce mai da aka watsa a zagaye, a jikin bel da ƙarfen da ke kewaye, domin fulin na wurgi da shi. A motoci masu bel ɗin taimin na roba, irin su Golf 3 da Peugeot 406, wannan yoyon ba a yi masa jinkiri: mai na cin bel, kuma a injin 406 in bel ya tsallake ko ya tsinke, fistan zai daki bawul.

Kwanon ƙasa, wanda kanikawa ke ce wa botom-filet, shi ne kowa ke zarga domin a kansa komai ke taruwa. Laifinsa na gaskiya yakan zo ne daga duka: ramin titi, dutse, ko tudun rage gudu da aka yi shi kamar katanga. Duba lotsawa ko tsagewa.

Sil ɗin baya shi ne na ƙarshe, tsakanin inji da giyabos. Ba a kama shi da laifi sai an wanke kowa. Sharaɗin shi ne bayan murfin sama a bushe, bayan kan silinda a bushe, gefen kwanon ƙasa a bushe, amma mai na fitowa ta ƙasan mahaɗar inji da giyabos. Ko a nan ma a duba launi: in ja ne, sil ɗin giyar ne ba na inji ba.

Me ya sa ya fara yoyon?

Kafin ka sayi komai, duba numfashin injin. A duk bugun fistan akwai ɗan hayaƙin da ke kuɓucewa ta gefen zobe ya shiga cikin inji. An yi masa hanyar fita ta wani ƙaramin bawul da ake kira PCV, a jikin murfin sama, da tiyon roba da ke mayar da hayaƙin cikin manifol ɗin iska. In datti ya toshe bawul ɗin ko tiyon, iskar za ta cika cikin inji ta nemi mafita ta duk robar da ta fi rauni. Alamar ita ce wurare biyu ko uku su fara yoyo lokaci guda, ko geji ya riƙa ɗagowa da kansa. Kwance bawul ɗin ka girgiza. Mai lafiya yana ƙara kacau-kacau. In shiru, canza shi. Yana cikin mafi arahar kayan inji, kuma ya sha hana sabon sil yin wata guda.

Sannan buɗe murfin zuba mai inji na aiki a tsaye. Ɗan huci ba komai ba ne. Amma in hayaƙi na bulbulowa da ƙarfi, zoben fistan ya gaji, kuma duk robar da ka sa ba za ta daɗe ba.

Sai cika mai fiye da kima. Corolla kusan lita huɗu take ci har da filta. Wanda ya juye mata galan mai lita biyar gaba ɗaya don kada ragowar ta yi asara, ya sa kiranshaf na dukan man yana kumfa, yana matsa wa sil. A rage shi ya dawo alamar sama.

Gyaran

Wajen sayen kaya, ko a Kofar Ruwa ta Kano kake, ko Panteka ta Kaduna, ko Apo a Abuja, tafi da lambar shasi mai harafi da lamba 17, da tsohon abin in an riga an cire. Ƙarfe na Beljiyam ba laifi, amma roba ba a sayen ta hannu: gasket, sil da zobe sababbi ake sawa. Lanƙwasa gasket ɗin a hannunka. Mai kyau na da laushi yana komawa yadda yake. Bambancin kuɗin mai kyau da na banza bai kai kuɗin aikin sake kwancewa ba.

Filta da notin juye. Kwance filtar ka duba ko tsohuwar roba ta manne a jikin inji. Roba biyu a kan juna sukan riƙe na ɗan lokaci, sannan su fashe a kan hanya. Goge mazaunin, shafa ɗan mai a sabuwar robar, murɗa da hannu har ta taɓa, ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Da hannu, ba da sifana ba. Notin juye kuwa yana da washa mai laushi da aka yi don ta lotse sau ɗaya, a canza ta duk juye. Ƙarfin ɗaurinsa a Corolla bai kai 40 Nm ba, wato ɗaurin hannu ɗaya da sifana madaidaiciya, ba a sa mata bututu a taka da ƙafa ba. In haƙoran sun riga sun cinye, naɗa farin tef ko zare dabarar kai wa gida ce kawai. Gyaran shi ne a sake yanka haƙora a sa noti mai ɗan girma, ko a dasa sababbin haƙora na ƙarfe, ko a canza kwanon.

Gasket ɗin murfin sama aiki ne da mai haƙuri zai iya yi a gida da soket lamba 10. Inji a sanyaye, cire kan batir na negatif, mai alamar (−). Ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa komai. Cire murfin roba na ado, koyil huɗu, tiyoyin numfashi biyu da maƙallan wayoyi. Share ƙurar da ke kewaye kafin ka buɗe, don duk yashin da ya faɗa ciki a metal, wato faifan da kiranshaf ke juyawa a kai, zai ƙare. Kwance notocin daga waje zuwa tsakiya, ka jera su a kwali yadda suke, domin tsayinsu ba ɗaya ba ne. In murfin ya manne, bubbuga shi da tafin hannu ko gudumar roba. Kada ka cusa sukundireba a tsakani, alminiyon ne, ƙarzuwa ɗaya ta zama sabuwar hanyar mai. Ɓamɓare tsohuwar robar, ka wanke kwarmin da take zama, ka goge fuskar kan silinda har tsumma ya fito fes ba maiƙo. A tsotse man da ke cikin ramukan filogi da tsumma kafin a kwance filogin. Danna sabon gasket cikin kwarminsa ko'ina, har da zagayen ramukan filogi.

Gam wuri biyu kawai yake buƙata a wannan injin: inda murfin taimin ya haɗu da kan silinda, gaba da baya, ɗigo kamar ƙwayar wake. Ɗora murfin a miƙe, ka leƙa da madubi ka tabbatar robar ba ta zame ta baya ba. Kama dukkan notocin da hannu tukuna, sannan ka ɗaure daga tsakiya zuwa waje, kana tsallakawa gefe da gefe, a zagaye biyu ko uku. Kimanin 10 Nm ne, abin da wuyan hannu kaɗai ke bayarwa. Ƙarin ɗauri ba ya ƙara kamu. Yana tsinke noti ne ko ya murƙushe robar.

A kan gam ɗin nan akwai magana. An saba a ga an lafta shi a kan gasket gaba da baya har yana tsiyayowa, wai don a tabbata. Abin da ya tsiyayo waje kana ganinsa, to irinsa ya tsiyaya ciki. Zafi zai ɓalle shi, mai ya kwashe shi zuwa rariyar da famfo ke zuƙa ta cikinta, ya toshe. Garin neman gira a rasa ido ke nan: an shiga da ɗigo, an fito da injin da ya buga. Shafa gam ta waje a kan wurin da ke yoyo kuwa ɓata kuɗi ne, ba ya kama jikin da ke da maiƙo.

Tenshina ba ta da wuyar cirewa, amma tana da sharaɗi. Kada a juya inji tana waje. Kafin a mayar, ana danna sandarta ciki a maƙale da ɗan ƙugiyar da ke jikinta, a shafa wa sabon zoben mai, a tura a ɗaure. Sannan a juya kiranshaf da sifana baya kaɗan don ƙugiyar ta saki, a juyo gaba har a ji sandar ta fito ta tokare sarƙa. In ba a tabbatar ta saki ba aka tayar, sarƙa na iya tsallake haƙori. Wanda bai taɓa yi ba ya tsaya kusa da wanda ya iya.

Suwic ɗin mai a kwance a sa sabo, da ɗan abin toshe haƙora kaɗan wanda ba zai kai bakin hudar ba. Haƙoransa masu tsukewa ne, in aka matsa da yawa mazaunin ne ke tsagewa.

Kwanon ƙasa na Corolla ba shi da gasket tun daga kamfani, gam ne ke riƙe shi, nan ne gam ke da gaskiya. A juye mai, a yanka tsohon gam da siririyar wuƙa, a kankare fuskokin biyu tas, a goge da abin da ke cire maiƙo. In bakin kwanon ya lanƙwashe a daidaita shi. A ja layin gam mai jure mai da zafi, kaurin milimita 3 zuwa 4, ba yankewa, yana bi ta cikin ramukan noti. A ɗora cikin 'yan mintoci kafin ya yi fata. Sannan a jira aƙalla awa biyu kafin a zuba mai. In za a iya barin ta ta kwana, ya fi. Gaggawar "Oga na jira" ita ke sa a maimaita wannan aikin. Tunda an buɗe, a leƙa rariyar famfo a wanke.

Sil na gaba da na baya aikin gareji ne, amma ka san abin da za ka sa wa ido. A duba inda leɓen sil ke gogawa a jikin ƙarfe; in ya yi kwarmin da farce ke kamawa, sabon sil ma zai yi yoyo sai an canza fulin ko an zaunar da sil ɗin a ɗan gaba ko baya da kwarmin. A shafa wa leɓen mai, a shigar da shi daidai da abin da ya yi faɗinsa, ba a yi ta dukan gefe ɗaya da guduma ba. In bel ɗin taimin ya sha mai, a canza shi, wanki ba ya dawo da shi. In kuma an sauke giyabos, a canza sil ɗin giyar a lokaci guda, a duba faifan kuloci in ta hannu ce, don kuɗin saukewar ne mai yawa, ba na robar ba.

Za a ba ka shawarar ka koma mai mai kauri, 20W-50, ko ka zuba maganin toshe yoyo na gwangwani. Mai kauri na rage ɗigo kaɗan, amma injin da aka ƙera don 5W-30 yana da siraran hanyoyin mai da na'urar VVT-i mai daidaita lokacin buɗe bawul, da ke son man ya iso da wuri, musamman a tashin safe. Maganin gwangwani kuma kumbura roba yake yi. Yana iya sassauta nason tsohon sil na ɗan lokaci, ba ya ɗinke robar da ta tsage ko kwanon da ya fashe.

Bayan an ɗaure

A sake wanke wurin, in ba haka ba tsohon man da ya maƙale a lunguna zai yi ta ɗiga kwana da kwanaki ka zaci aikin bai yi ba. Cika mai zuwa alamar sama, tayar, ka tabbatar jar fitila ta mutu cikin daƙiƙa kaɗan, ka bar inji ya yi zafi har fanka ta tashi kana haskawa. Ɗan hayaƙi da ƙauri daga kan salansa a rana ta farko ragowar tsohon mai ne ke ƙonewa. Kashe, jira minti goma, sake duba geji, domin sabuwar filta ta sha nata kason.

Man da aka juye a zuba shi a jarka mai murfi a kai wa masu juye, kada a tuttular a kwata ko kusa da rijiya, kuma a wanke hannu da sabulu don tsohon mai ba ya yi wa fata kyau. Shimfiɗa sabon kwali na tsawon mako guda, kana duba geji kowace safiya. In wani ɗigon ya sake bayyana, kada ka yi saurin cewa gyaran ne ya ɓaci: tsohon inji kan yi yoyo biyu a lokaci ɗaya, na sama ya rufe na ƙasa. Sake barbaɗa hoda ka bi sabon layin.